Buhun Yashi Ba Ya Iyo

Son kai laifi ne da ba ya zuwa da adda ko bindiga. Da sallama yake shigowa, ya zauna a sahun gaba, ya fi kowa ɗaga murya wajen faɗin amin. Mutum ya yashe bangon maƙwabcinsa don ya toshe nasa, gari na wayewa kuma ya riga kowa zuwa jaje. Wannan shi ne laifin da labarin nan zai hukunta, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

A Hillat Marafa abin ya faru, garin Hausawa ne a gaɓar bahar, wato babban kogi, kudu da Makwar. Kowace damina in ruwan Habasha ya taso jawur, sai a yi gayya a ɗaga taras, wato dogon tudun ƙasar da ke tsakanin gari da kogi, a jera buhunan ƙasa a kansa. Kowane gida da rabonsa. Wanda rabonsa ya ɓalle saboda sakaci, shi zai sake gina duk bangon da ruwa ya ci. Haka aka gada.

Abin da ba a gada ba shi ne jajayen turaku. Mutanen mahaliyya ne, wato ƙaramar hukuma, suka zo suka kafa su a gindin taras. Suka ce daga turakun zuwa kogi yankin ruwa ne, kowa ya yi gini a ciki ya yi don kansa. Daga turakun zuwa gari kuwa an sa gidaje cikin ta'amin, wato inshora, bisa sharaɗin gari ya riƙe taras ɗinsa da kyau.

To, wata safiya ladan bai sauke hannu daga kunne ba aka ji ihu, "Taras ya ɓalle!"

Kafin a toshe ɓarakar, ruwa ya shiga unguwar gangare ya kwantar da bangon gida huɗu. Allah ya tsare, ko kaza ba ta mutu ba. Agwagin unguwar ma sun ɗauka biki aka shirya musu. Amma wurin da ya ɓalle rabon Salihu ne, ɗan Inna Asabe, saurayin da aka sa ranar aurensa da Ibtisam bayan janyewar ruwa. Sabon ɗakin da ya gina wa amarya yana cikin waɗanda suka zube.

* * *

Da hantsi gari ya taru a bakin ɓarakar. Wanda ya fi kowa baki shi ne Hashim, dillalin albasa, mutum mai tumbi da farin rawani. Shi ne ya yi kunnen uwar shegu da jajayen turaku ya gina ma'ajiyar albasarsa can a wani ɗan tudu kusa da mashigar jirgi, don kada a wahalar da shi wajen lodi. Ruwa ya kewaye ta amma bai shiga ba, kuma tun safe yake faɗa wa mutane cewa albarkar sadaka ce.

"Mi za a bincika?" in ji Hashim. "Ango ne, ya jama'a! Hannunsa na kan buhu, zuciyarsa na wurin lalle."

Aka yi dariya, ban da Salihu.

"Wallahi sahu uku na jera," in ji Salihu. "Na tattake su da ƙafata kafin in tafi Makwar sayen kayan ɗaki."

"Ka ji ko? Makwar!"

Ana cikin haka raksha mai ƙafa uku ta sauke Ustaza Rania, ma'aikaciyar kamfanin ta'amin. Bahaushiya ce 'yar Madani, amma Hausarta sai da sandar Larabci take tafiya. Ta dubi ɓarakar, ta dubi gidajen.

"Ya jama'a, maganar a fili take," ta ce. "In ihmal ne, yani sakaci, sharika, yani kamfani, ba ta biyan kowa. In kuwa wani ne ya yi da hannu, ku nuna mini shi. Za a biya masu gidaje, sharika ta bi shi da nata. Zan dawo ranar kasuwa, khalas."

Sai Alhaji Yahya ya yi gyaran murya. Shi ne shugaban lajna, wato kwamiti mai kula da taras, shi ne kuma mahaifin Ibtisam.

"Ba zan karya al'ada don suruki ba," ya ce. "In sakacin Salihu ne, zai gina gida huɗun nan da hannunsa. Kuma ba ɗaurin aure sai bango na ƙarshe ya bushe."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Saurayi ɗaya, gida huɗu, ba taimakon ta'amin, sai dai amarya ta yi furfura a ɗakin uwarta.

A gefe guda wani tsoho yana dogare da sanda. Shi ne Baba Uzairu mai bin sawu, wanda tun yana saurayi yake bin shanun sata har bakin Damazin ya dawo da su. Shi ne kakan Ibtisam ta wajen uwa, kuma tun da aka yi baiko yake ƙorafin Salihu ya ƙwace masa mata.

"Yahya," ya ce, "ka ba ni zuwa ranar kasuwa."

Alhaji Yahya ya sunkuyar da kai don kunyar suruki. "Yadda ka ce, Baba."

"Kakan amarya zai binciki ango?" in ji Hashim. "Ai kura ce za ta yi wa kura shari'a."

"Abokin kishina ne fa, ya Hashim," in ji Baba Uzairu. "In na same shi da laifi, ni zan riga kowa rawa."

* * *

Mutane sun zaci zai durƙusa a bakin ɓaraka yana leƙen ƙasa. Ina! Wurin da ruwa ya wanke, me ya rage? Sai ya tattare jallabiyarsa ya shiga unguwar gangare, yana caka sanda cikin laka lungu-lungu, Salihu na biye da shi kamar maraƙi. Duk yawon nan buhu kaɗan suka tono, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɗaya ya yage, sai Baba Uzairu ya ga farin yashi a ciki, ba baƙar ƙasar da kowa ke cikawa ba. Ya murza shi a yatsa, ya ajiye abin a ransa.

"Kai ɓarawon mata, sahu uku ka ce?"

"Uku, Kaka."

"To ina sunka tafi? Buhun yashi ba kifi ba ne, ba ya iyo. In ruwa ya ture shi, nan kusa zai kwanta. Waɗanda babu, hannu ya ɗauke su kafin ruwa ya iso."

Salihu ya saki baki. "Wa zai yi mini haka?"

"Rufe bakin, ƙuda na wucewa."

* * *

Zato ya fara sauka kan Zaharaddini mai karo, wato amalanken jaki, don ya nemi Ibtisam a baya ba a ba shi ba, ga kuma sawun tayoyin amalankensa a gindin taras ta cikin gari. Baba Uzairu ya bi sawun a hankali har ƙofar gidansa, ya same shi yana wa jaki aski.

"Na san abin da ya kawo ka, Baba," in ji Zaharaddini. "Wai ni na ɓalle taras don haushin mace. Ni da nake da budurwa a Rufa'a mai zanen zinari a haƙori!"

"Ita ta san kana da ita?"

"Za ta sani, in sha Allahu."

Baba Uzairu ya yi dariya har da tari. "Kwantar da hankalinka. Jakinka ya riga ya ba da shaida. Da za shi taras, kofatonsa ya nutse, taya ta yi zurfi. Da zai dawo, sawun sama-sama ne, har da ɗan gudu. Kaya ka kai, ba kaya ka ɗauko ba."

"Itacen masu gadin taras na kai, da buhun gawayi."

"Na gani. Ka rage wa dabban nan lodi, ƙafarsa ta baya tana ja."

* * *

Daga nan zato ya koma kan Jibril masunci. Wasu suka ce shi ke son ruwa ya shiga fadamar bayan gari don kifi ya taru masa. Wata mata kuma ta ce ta ga yashi a cikin jirginsa. Baba Uzairu ya same shi a mashiga yana gyaran koma, fuska a murtuke.

"Awo, akwai yashi," in ji Jibril. "Kuma ni ma ina neman wanda ya zuba shi! Na ɗaure jirgina a wancan turken, na wayi gari na same shi a wanga, cike da yashi kamar kwanon gini. Ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. Zo ka ga irin ɗaurin da anka yi masa."

Ya ɗauki igiya ya kwaikwayi ɗaurin: zagaye biyu, sannan a bar kunne biyu a tsaye.

"Ka taɓa ganin ɗan ruwa ya yi wagga ƙazanta? Wannan ai ɗaurin bakin buhun albasa ne! Jirgin ubana, an ɗaure shi kamar albasa!"

Baba Uzairu ya gyaɗa kai. Ke nan ta kogi aka kwashe buhunan. Sai dai rabin garin manoman albasa ne, kowa haka yake ɗauri. Ruwa kuwa ba ya riƙe sawu. Karo na farko a rayuwarsa ya tsaya a bakin hanya bai san gabas ba bai san yamma ba.

* * *

Kwanaki suka shuɗe, kogi ya ɗan ja baya, ranar kasuwa ta matso. Baba Uzairu ya je gidan Inna Asabe shan jabana, wato gahawa, a ƙarƙashin rumfar da ta rage a tsaye. Ibtisam ta kawo musu kisra da miyar kuɓewa daga gidansu.

"Ya jiddo," ta ce, "an ce kana bin sawun ɓera a kan dutse. Ko dai da gangan kake jinkiri don in zauna maka?"

"To mi za ki yi da yaron da ko taras bai iya riƙewa ba? Ni ga ni da haƙora shida, duk lafiyayyu."

"Biyar ne, na ƙirga."

Salihu ya yi murmushin dole. Inna Asabe kuwa tana ta mita tana daka citta.

"Ni duk ba wannan ba, akuyata ce ta isheni. Makiyaya tana ƙarƙashin ruwa, awakin mutane duk sun rame, ita kuwa kullum sai ta tsinke igiya ta ɓace, ta dawo da ciki kamar ganga, bakinta duk guntun ganye. Yanzu har ta fara jan na maƙwabta. Kada a ce gonar wani take ci, ina fama da wannan a ƙaro mini wata."

Da Baba Uzairu ya sha kofi na uku, sai ya hau taras don ya miƙe ƙafa. A gefen ɓarakar akwai ragowar buhunan Salihu da ba a taɓa ba. Nan ya tsaya cak. Buhunan kowa baƙi ƙirin suke, tsirara. Na Salihu kuwa sun yi gashi. Ta kowace kafar algarara ɗan tsiro ya leƙo da ganye biyu, wasu har sun fara miƙa hannu. Ya tsinki ɗaya ya shinshina.

Ya koma rumfar da sauri irin na tsofaffi.

"Kai Salihu, ina ka ɗebo abin da ka cika buhunanka?"

Salihu ya sosa ƙeya. "Ramin ƙasa ya yi nisa, Kaka, ga motar Makwar za ta tashi. Sai na kwashe yashin da aka shimfiɗa a tsakar gidan nan ranar baiko."

"La haula!" in ji Inna Asabe. "Ashe kai ne ka kwashe mini yashi! Na yi ta zagin yaran unguwa."

"Ranar da kawun Ibtisam ya aiko da kankana cike da karo?" in ji Baba Uzairu.

"Ita. Gari duka ya sha, ana tofar da 'ya'yan a ƙasa," in ji Inna Asabe.

Tsohon ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance. "Asabe, gobe da safe kada ki ɗaure akuyar nan da ƙarfi."

Washegari ya bi akuyar. Bai ko buƙaci ganinta ba, ga sawun kofato a kan laka mai ɗanye, tsoho da sabo, hanya guda kamar ta masallaci. Ya bi har inda ta ƙare, ya tsaya daga nesa ya kalla, ya dawo yana waƙa a hanci.

* * *

Ranar kasuwa Ustaza Rania ta dawo. Baba Uzairu ya ce zaman ba a masallaci za a yi ba, a ma'ajiyar Hashim za a yi, don can ne kaɗai busasshen wuri mai iska. Jama'a suka gangara suka wuce jajayen turaku, suka bi ɗan siririn tudun da ruwa ya saki. Ma'ajiyar na nan lafiya, an kewaye gindinta da sababbin zana har ƙugu.

"Wurin ƙarami ne fa, Baba," in ji Hashim. Gumi na tsattsafo masa duk da iskar.

"Zuciyar mai shi babba ce. Zauna."

Mata suka tsaya a baya, Inna Asabe riƙe da akuyarta, wasu awaki uku na biye. Baba Uzairu ya sa Salihu da Zaharaddini da Jibril a gaba. Ya bayyana yadda buhu ba ya iyo. Ya wanke Zaharaddini da shaidar jakinsa. Ya faɗi yadda aka ari jirgin Jibril ba da saninsa ba. Duk wannan akuyar na ta fizgar igiya tana kuka.

"Hashim, don Allah karɓi dabbar nan ka ɗaure ta a turke, ta hana mu ji."

Hashim ya karɓa ya ɗaure. Zagaye biyu, kunne biyu a tsaye.

"Shi ne!" Jibril ya zabura. "Wallahi shi ne ɗaurin!"

"Kai, tafi can!" in ji Hashim. "Rabin garin nan haka suke ɗauri!"

"Gaskiyarsa," in ji Baba Uzairu. "Ɗauri ba shaida ba ne. Zauna, Jibril. Ni kuma an ce kakan amarya ne, maganata ba ta da nauyi. To ga wadda ba ta da jika a garin nan."

Ya sa hannu ya ja kunnen igiyar, ɗaurin ya kwance.

Akuyar ba ta yi shawara da kowa ba. Ta nufi zana kai tsaye, ta cusa kai a wata kafa da ta saba, sauran suka rufa mata baya. Hashim ya bi su yana "Kur! Kur!" yana kaɗa rawani. Ɗaya ta ɗora ƙafafu, zana ya karkata, ya faɗi rim.

Sai ga buhuna sahu-sahu kewaye da ma'ajiyar, kowanne ya yi gashi. Tsiron kankana ne, dogaye, fari-fari don rashin rana, duk sun miƙa wuya suna neman haske.

Awaki suka hau tauna.

"Nawa ne!" in ji Hashim. "Ni na cika su!"

Baba Uzairu ya zaro 'yar wuƙarsa ya farke ɗaya. Farin yashi ya zubo, da baƙaƙen 'ya'yan kankana a ciki.

"Yashin tsakar gidana!" Inna Asabe ta rangaɗa ihu. "Kai Hashim, ka ji tsoron Allah! Ranar baiko kai kaɗai ka tashi da kankana uku, kana zaune a kan tabarmata kana tofi hagu da dama kamar mai shuka a gona. Na ce a raina wanga bawan Allah zai girbi abin nan wata rana!"

Aka kece da dariya har Ustaza Rania sai da ta dafa turke. Zaharaddini ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, Hashim ya zauna dirshan a kan laka da farar jallabiyarsa.

"Aro na yi," ya ce da ƙaramar murya. "Ma'ajiyata ba ta cikin ta'amin. Na ce in ruwa ya sauka zan mayar. Ban zaci zai haura ba."

"Kai ka ƙi jin maganar turaku," in ji Alhaji Yahya, "sannan ka ce gida huɗu su biya maka kuɗin taurin kai. Har kana yi wa yaro dariya a gaban mutane."

Ustaza Rania ta gyara mayafi. "Tamam. Gani ya kori ji. Masu gidaje za a biya su. Kai kuma, ya sayyid Hashim, sharika za ta zo ta gaishe ka."

* * *

An ɗaura auren Salihu da Ibtisam da janyewar ruwa, a sabon ɗaki da gayya ta tayar. Aka raka ango da amarya bakin bahar da guɗa da kiɗa suka wanke fuska, Jibril ya zagaya da su a jirginsa, ya ɗaure shi da hannunsa. Baba Uzairu ya yi rawa da sanda yana shelar ya saki matarsa saki uku, ya bar wa yaro don tausayi. Akuyar Inna Asabe kuwa aka ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, aka haramta wa wuƙa ita har ta mutu don kanta. Kankanar da ta ci gaba da yaɗo a kan taras, yaran gari suka sha ta da kaka.

Shi kuwa Hashim, ga abin da son kai ya bar masa. Buhunan nan ya mayar da su taras a kan bayansa, da rana tsaka, mata na kallo. Bayan an kwashe su kogi ya yi 'yar cikarsa ta ƙarshen damina, ya shiga ma'ajiyar da ba ta da ta'amin, ya ruɓar da albasa buhu ɗari da ashirin, ya tafi da rufin da ƙofar. Ya sayar da shanunsa biyu da injin ban ruwansa ya sallami kamfani. Ya yi wa jirgin Jibril sabon fenti. An cire shi daga lajna. Rabonsa na taras aka ninka masa biyu, daidai wurin da ya ɓalle. Sunansa ma bai tsira ba, domin daga Makwar har Rufa'a ba mai ce masa Hashim dillali, sai Hashim Kankana.